Yana da CAC da lambar NAFDAC, wani ya kwaikwayi ledarsa: ta ina za a fara?

Barista Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata mas'ala da ke yawan tasowa a kasuwannin Singa da Sabon Gari, ina so mu bi ta daki-daki saboda masu ƙananan masana'antu da ke zauren nan. A ce mutum yana sarrafa garin yaji, yana ƙulla shi a leda ja da rawaya mai hoton zabuwa, ya daɗe a kasuwa har an san shi. Yana da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ya taɓa shigar da takardar neman rajistar alamar kasuwanci a Abuja, aka ba shi takardar amincewa, daga nan bai sake bi ta kai ba. Yanzu wani ya fito da yaji a leda ja da rawaya, shi ma da zabuwa, sunan kawai ya bambanta da harafi biyu. Me ke hannun mai yajin nan a shari'ance, kuma ta ina za a fara?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam Barista. Mu fara cire takardar CAC daga lissafi, don a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. CAC suna rajistar sunan da kake kasuwanci da shi ne. Sunan da ke jikin kaya kuwa, da tambari, da zanen leda, wurinsu daban: ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar alamomin kasuwanci ta 1965. Lambar NAFDAC ita ma shaida ce cewa an duba kayan an yarda a sayar, ba shaidar mallakar suna ba ce.

Yadda aikin yake: a fara bincike a rajista a ga ko wani ya riga ka. A shigar da takardar nema a ajin da kayan suke. Ajujuwa 45 ne, 1 zuwa 34 na kaya, 35 zuwa 45 na hidima, kuma a Najeriya kowane aji takardarsa daban, kuɗinsa daban. Yaji yana aji na 30. Kilishi da man gyaɗa suna na 29, ruwan leda da lemo na 32, sabulu da turaren wuta na 3, atamfa na 24. Bayan an shigar sai a ba ka takardar shaidar karɓa. In mai duba ya gamsu, a ba ka takardar amincewa. Sai a buga alamar a mujallar alamomin kasuwanci, a jira wata biyu ko wani zai yi ƙorafi. In ba a yi ba, ka biya kuɗin satifiket a ba ka. Mai yajinmu ya tsaya ne a tsakiyar hanya.

Barista Sadiya: Yaya Nasiru, amma ai NAFDAC suna karɓar takardar amincewar nan, kuma doka ta ce ranar rajista ita ce ranar da aka shigar da takarda. Ba za a kafa hujja da wannan a ce alamar tasa ce tun lokacin ba?

Barista Auwal: Ba zai yiwu ba ƙanwata. Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a shari'ar Dyktrade da Omnia a 2000, wadda aka yi a kan dutsen goge daɓe mai suna Super Rocket. Ta ce amincewa da takardar nema ba rajista ba ce, kuma wanda bai kai ga rajista ba ba shi da hurumin ƙarar keta alama. Komawar kwanan wata baya gaskiya ce, amma sai satifiket ya fito take aiki. Sashe na 3 na dokar ma a fili yake: babu ƙarar keta alamar da ba a yi wa rajista ba. Sai dai sashen ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, wato ƙarar sojan gona, inda kake cewa wani yana sayar da kayansa da sunan naka ne. Ita ce ke hannun mai yajin yau.

Bambancin nauyin hujja ne. Mai satifiket zai miƙa satifiket, ya nuna kamannin alamun biyu a kan kaya iri ɗaya, ya kusa gamawa. Mai ƙarar sojan gona sai ya tabbatar da abu uku: cewa ledarsa ta yi suna har masu saye sun san ta da shi, cewa ledar ɗayan tana sa mutane su ɗauka tasa ce, da cewa ya yi asara ko yana gab da yi. Na farkon ne ke cin kuɗi da lokaci.

Barista Sadiya: To wace kotu? Na ga wasu suna kaiwa babbar kotun jiha in babu rajista.

Barista Auwal: Sashe na 251(1)(f) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin alamomin kasuwanci da sojan gona. Ruɗanin ya fito ne daga shari'ar Ayman da Akuma ta 2003, ta gashin kanti, inda Kotun Ƙoli ta ce in alamar ba ta da rajista, Kotun Tarayya ba ta da hurumi. A 2007, a shari'ar Omnia da Dyktrade ta biyu, kotun ta karkata ga cewa tana da shi, da rajista ko babu. Hukuncin 2007 shi ake bi. Ni Babbar Kotun Tarayya da ke Kano zan kai.

Alhaji Garba: Auwalu, na yarda da inda ka nufa, amma kada yaran nan su ɗauka maganar ta mutu. Lauyan da ya san aikinsa zai tashi ya ce a shari'ar 2007 alamar ta riga ta samu rajista kafin a kai ƙarshe, don haka Ayman tana nan daram ga wanda ba shi da komai. Ko bai ci nasara ba, ya cinye maka watanni a kan hurumi, yajin jabu kuma yana ta fita. Saboda haka abin da zan fara sa mai yajin ya yi, tun kafin a rubuta takardar ƙara, shi ne a tura wakili ya duba fayil ɗinsa a Abuja. An buga alamar a mujalla? Wata biyun sun wuce ba ƙorafi? In haka ne, ƙila kuɗin satifiket kawai ya rage. Da satifiket a hannu za ka haɗa ƙara biyu a takarda ɗaya, keta alama da sojan gona, maganar hurumi kuma ta faɗi da kanta.

Barista Auwal: Haka ne ranka ya daɗe. In satifiket yana kusa, a jira shi. In kuwa ko buga alamar ba a yi ba, ba zan jira ba, don jinkiri yana kashe buƙatar umarnin dakatarwa.

Alhaji Garba: Wannan gaskiya ne. Bari in tsaya a kan kamanni, don nan ne shari'ar take. Lauyoyi da yawa suna ɓata lokaci suna ƙirga haruffa. Mai sayen yaji a ƙauye, ko yarinyar da aka aika kanti, ba suna take karantawa ba. Cewa za ta yi a ba ta mai zabuwa. Kotunanmu sun san haka tun da daɗewa. A 1931, a shari'ar U.K. Tobacco da Carreras a Legas, taba ɗaya sunanta Bandmaster, ɗaya Barrister, sunaye ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma kowane kwali yana ɗauke da hoton Bature, mutane kuma da hoton suke saye, kotu ta ce akwai ruɗarwa. A 1972 ga shari'ar Trebor da Associated Industries a nan Arewa, a kan minti: sunan Minta daban yake da Trebor, amma naɗin da launin sun yi kama, aka hana. Ta fuskar sauti kuma akwai Alban Pharmacy da Sterling Products ta 1968, Casorina da Castoria, Kotun Ƙoli ta ce kunne ma ana ruɗarsa kamar ido.

Ma'aunin shi ne mai saye na yau da kullum, wanda ba ya riƙe da ledojin biyu a hannu yana gwadawa, abin da ya tuna kawai yake bi. Don haka kada ka yarda lauyan ɗaya ɓangaren ya jera su a tebur yana nuna wa alƙali cewa zabuwar tasu tana kallon hagu, taka tana kallon dama. Ka dawo da kotu kan yadda ake saye a rumfa da yamma, leda a rataye cikin wasu ashirin.

Malam Nasiru: Baba ya kawo mu kan wata matsala da za ta iya tasowa ko satifiket ya fito. Me aka shigar a takardar neman? In sunan kaɗai aka rubuta da baƙaƙe, to sunan kaɗai aka kare. Shari'ar Ferodo da Ibeto ta 2004 ita ce darasin. Ferodo suna da kwalin birki mai zanen dara ja da baƙi da fari, Ibeto suka fito da Union Supa a kwali mai irin wannan ado. Kotun Ƙoli ta ce abin da aka yi wa rajista kalmar Ferodo ce, launuka da zanen ado ne kawai, ƙara ta faɗi.

Saboda haka ga mai kaya irin wannan, takarda biyu nake ba da shawara a aji na 30: ɗaya ta sunan zalla, ɗaya ta fuskar ledar gaba ɗaya da zabuwar da tsarin launi. Gyaran da dokar sauƙaƙa kasuwanci ta yi, wadda aka sa wa hannu a Fabrairun 2023, ya shigar da siffar kaya da mazubi da haɗin launuka cikin ma'anar alama, ya kuma tabbatar da alamar hidima. Lokacin Ferodo babu wannan a rubuce.

Sai maganar launi. Sashe na 16 na dokar alamomin kasuwanci ya ce alamar da aka yi wa rajista ba tare da an taƙaita ta ga wani launi ba, ana ɗauka ta shafi dukkan launuka. To in zabuwar ce ƙarfinka, shigar da ita ba taƙaitawa. In ja da rawayan ne mutane suka sani, shigar da ledar da launinta ka faɗa a takarda.

Hajiya Binta: Malam Nasiru a ƙara da zaɓen suna. Masu sarrafa abinci suna son sunaye irin su Mai Daɗi, Na Gida, Yajin Kano. Sashe na 9 bai yarda da kalmar da ke bayyana ingancin kaya kai tsaye ba, ko sunan gari, sai in an kawo hujjar cewa ta riga ta zama alamar mutum ɗaya a idon jama'a. Ko an karɓa, sau da yawa za a sa ka rubuta cewa ba ka mallaki kalmar yaji ko Kano kai kaɗai ba. Ƙirƙirarren suna ya fi sauƙin rajista, ya fi sauƙin karewa.

Wani abu kuma da ake mantawa: wa ya zana zabuwar? In yaro mai zane a kwamfuta aka ba kuɗi ya yi, ba a rubuta komai ba, to a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 haƙƙin zane yana farawa ne a hannun wanda ya zana, kuma mallakawa wani ba ta inganta sai a rubuce. A neme shi ya sa hannu a takardar mallakawa kafin a shiga kotu. Da ita za a ƙara ƙarar satar zane, wadda ba ta buƙatar wata rajista. Haka kamfanin da ke buga leda: silindar bugun ta wa ce, tana ina, an rubuta cewa ba za a buga wa kowa da ita ba? Ledar jabu da ta fito daidai da ta asali har ɗigon tawada, a fara dubawa daga nan.

Barista Hadiza: Madalla. To mu zo kan mataki. Ni ina ganin a fara da takardar gargaɗi daga lauya, a ba shi kwana bakwai ko goma sha huɗu ya daina, ya miƙa ledojin da suka rage, ya sa hannu a alkawari. Da yawa daga masu yin haka ƙananan 'yan kasuwa ne, takarda ɗaya ta ishe su. Kuma a kasuwa kowa yana da shugaban layi, sulhu a gabansa ya fi arha.

Barista Auwal: Anti Hadiza, a nan zan saɓa miki. Takardar gargaɗi tana da kyau in ka san mutumin, ka san masana'antarsa, yana da adireshin da ba zai gudu ya bari ba. In kuwa ba ka san inda ake ƙullawa ba, dila kawai kake gani, to ranar da takardar ta isa, a daren za a kwashe kaya da injin liƙe leda a sauya sito. Ka sanar da shi, ka rasa hujja.

A irin wannan hali umarnin Anton Piller ake nema, ba tare da sanar da ɗaya ɓangaren ba, don a shiga wurin a ƙirga kaya a kwashe samfuri da takardu a ajiye a hannun kotu. Alƙali ba ya bayarwa da sauƙi. Sai ka nuna ƙararka tana da ƙarfi sosai, asarar mai tsanani ce, akwai hujja a hannunsu, kuma akwai haɗarin gaske cewa za su ɓatar da ita. Dole ka faɗi komai a takardar rantsuwa, har abin da ba ya taimakonka, misali cewa ba ka da satifiket. In ka ɓoye aka gano, za a soke umarnin. Kuma za ka ɗauki alkawarin biyan diyya in ta bayyana ba ka da gaskiya. A gaya wa mai yajin wannan a fili tun farko, don in an rufe wa mutum kaya wata uku sannan ƙara ta faɗi, shi zai biya.

Ranar aiwatarwa a tafi da ma'aikacin kotu da lauya, 'yan sanda don tsaro kawai. Umarnin ba izinin fasa ƙofa ba ne. In sun hana shiga, a koma kotu da batun raina umarni. A rubuta duk abin da aka ɗauka, katan nawa, leda bandir nawa, su sa hannu a ba su kwafi.

Barista Hadiza: Na karɓi rabin maganarka. Ga wanda ba a san mazauninsa ba, haka ne. Amma kuɗin wannan hanya ya fi ƙarfin mafi yawan masu yaji, kada mu ba da shawarar da sai babban kamfani zai iya bi.

Alhaji Garba: Ku biyun kuna da gaskiya, abin da zai raba ku bincike ne, kuma shi ake yi kafin takarda ko umarni. A aika mutum mai hankali wanda zai iya tsayawa a kotu ya sayi jabun a wurare uku ko huɗu, ya karɓi rasit mai kwanan wata da sunan shago. In ba sa ba da rasit, ya biya ta banki don a samu shaida. Kada a buɗe ledar, a sa a ambulan a rubuta rana da wuri. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ya nemi kayan da sunan na asali, a miƙo masa jabu. A nemi dilolin da aka dawo musu da kaya ana cewa ɗanɗano ya canja, su ne shaidun ruɗani na gaske.

Ta ɓangaren suna kuma, a tattaro duk takardar da ke da kwanan wata: rasitan buga leda na farko, takardun lodi zuwa garuruwa, rasitin tallan rediyo, satifiket ɗin NAFDAC, bayanan banki da ke nuna ciniki shekara bayan shekara da inda ya fara sauka. Takardar CAC da muka cire ɗazu a nan take da amfani, tana nuna tun yaushe ake harkar. Hotunan Facebook da saƙonnin WhatsApp ana karɓa, amma sai an cika sharaɗin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, a haɗa da takardar bayanin na'urar da aka ciro su. Ana yawan watsar da hujja mai kyau saboda rashin wannan takarda guda.

Diyya kuma a sani, zaɓi ne: ko asarar da ka yi, ko ribar da ya ci, ba a haɗa biyun. Mai jabu ba ya ajiye littafin ciniki, don haka neman ribarsa sau da yawa wahala ce kawai. Abin da ke da daraja shi ne umarnin hanawa na dindindin da miƙa ledoji da silinda a lalata.

Barista Sadiya: Baba, in aka duba aka tarar shi mai kwaikwayon ya riga ya shigar da tasa takardar fa?

Malam Nasiru: Ya danganta da inda ta kai. In an buga a mujalla kuma wata biyu ba su cika ba, a shigar da ƙorafi nan take, da dalilai: sashe na 13 na dokar alamomin kasuwanci in takardar mai yajin ta riga tasa, sashe na 11 saboda ruɗarwa. Shi kuma yana da wata ɗaya ya mayar da martani, in bai yi ba a ɗauka ya janye. Daga nan kowa ya kawo hujja a rantse, magatakardan ofishin alamomin kasuwanci ya saurara, wanda bai gamsu ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya. In har ya karɓi satifiket, sai neman a goge shi daga rajista a ƙarƙashin sashe na 38. Kada a yi sanya, don rajistar da ta cika shekara bakwai a kashin A, wato ɓangaren rajista na alamomin da suka cika sharaɗin sashe na 9, ba a cika iya taɓa ta ba sai da hujjar zamba ko saɓa wa sashe na 11.

Ko da satifiket a hannunsa, ba zai iya hana mai yajin sayarwa ba. Sashe na 7 ya kare wanda yake amfani da alama ba yankewa tun kafin ɗayan ya fara amfani ko ya yi rajista. Sharaɗin shi ne ba yankewa, don haka rasitan da Baba ya lissafa su ne garkuwar.

Malam Isufu (Maraɗi): Salamu alaikum. Ku ƙara wannan, don yajin Kano ba ya tsayawa a Kano. Satifiket ɗin Abuja ba ya aiki da an tsallake Jibiya. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka da ke yi musu rajistar alamomi a wuri ɗaya, mai hedikwata a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya ce ta shafi ƙasashe 17, har da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin, tana yin shekara 10 ana sabuntawa, kuma ana iya haɗa aji fiye da ɗaya a takarda guda. Najeriya ba ta ciki, ba ta kuma cikin tsarin Madrid na rajistar alama a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, don haka babu gajeriyar hanya daga Abuja. Ana shigarwa a Yawunde ta hannun wakilin da aka amince da shi.

A wajenmu wanda ya riga shigarwa shi ne mai alama. Haɗarin da ya fi yawa daga dila yake zuwa: yana ganin kaya suna tafiya a Maraɗi da Damagaram, ya yi rajista da sunansa, ranar da kuka saɓa ya sa a tsare kayanka a matsayin jabu. Akwai hanyar ƙwatowa ga wanda ya riga amfani, amma wa'adinta gajere ne bayan an buga. Duk yarjejeniya da dila a rubuta cewa alamar ta mai masana'anta ce. Wanda kuma zai shigar da sabuwar takardar leda a Abuja, yana da wata shida a ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta ƙasa da ƙasa kan kare alamomi ya shigar a OAPI ya riƙe kwanan watan farko.

Hajiya Binta: Allah ya saka Malam Isufu. Ƙarin abu biyu ga masu buga leda. Kada a sa alamar ® mai nuna an yi rajista kafin satifiket ya fito, dokar alamomin kasuwanci ta Najeriya ta mai da nuna alama a matsayin mai rajista alhali ba ta da ita laifi, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai yi amfani da shi a kanka. TM, mai nuna alamar kasuwanci ce kawai, za a iya sawa. Sannan in jabun ya kwafi har lambar NAFDAC, a kai musu ƙorafi a rubuce da samfuri, wannan hurumin sashen bincikensu ne, kuma ba ya hana ƙarar kotu tafiya.

Malam Nasiru: Kuma in satifiket ya fito a duba kwanan watan da ke jikinsa da kyau. Wa'adin farko shekara 7 ne, daga nan sabuntawa duk shekara 14, amma ƙirgar tana farawa daga ranar shigar da takarda, ba ranar da aka miƙa maka ba. Mai yajin nan da ya shigar tun da daɗewa zai iya karɓar satifiket ya tarar lokacin sabuntawa ya yi ko ya kusa. A biya a lokaci guda. A duba kuma da sunan wa aka shigar: in da sunan kansa ne, yanzu kuma kamfani ke sayarwa, a rubuta takardar mallakawa a kai rajista, in ba haka ba za a ce wanda ya shigar da ƙara ba shi ne mai alamar ba.

Barista Auwal: Wannan na ƙarshen a gyara shi kafin a buga takardar ƙara. In lokaci ya ƙure, a sa su biyun a matsayin masu ƙara, shi da kamfanin.